Ranar da Muka Raka Raƙumin Dawa Panshekara

Kome zan manta na shekarun da na yi ina aiki a Challawa, ban da rigimar wurin wasan yaran nan. Har yau da furfura ta cika min kai, idan na shiga wani wurin shaƙatawa na tarar an cika shi da tarkace har ba wurin sa ƙafa, sai dariya ta kama ni, jikokina su yi ta kallona suna zaton tsufa ne.

A farkon shekarun tamanin aka yi abin. Ni ce nas a ɗakin shan magani na wata masaƙa, kowa Sista yake ce min, har dattawan da suka yi jika da ni. A bayan masaƙar akwai wani fili da kamfani ya ware wa iyalan ma'aikata. Wanda ya tsara shi tun farko shi ne shugaban masu zanen atamfa, wani dattijo siriri mai tabarau, wanda muke kira Malam kawai. Tunaninsa shi ne, yawancin ma'aikata daga ƙauye suka zo, amma 'ya'yansu a ɗakunan haya na Panshekara aka haife su, ba su san rumbu ba, ba su san rafi ba. Sai ya yi musu ɗan ƙauye: ƙananan bukkoki, rumbun da yaro zai shiga ya leƙo, rafin da aka jawo da famfo wanda ruwansa bai wuce idon sawu ba, da gadar katako. A tsakiya ya sa aka tara tudu a gindin wata tsamiya, aka kewaye ta da benci. Doka ɗaya ya kafa, kada a gina abin da ya wuce ƙirjin babba tsayi.

Dalilin dokar nan, duk masaƙar ni kaɗai na san shi. Matar Malam, Hajiya, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, kuma wajena take zuwa karɓar man shafawa. Wata rana ina murza mata ƙafa ta ce, "Sista, kin san tudun nan don ni aka yi shi? Tun da ba na iya bin yara, ya ce zai yi min wurin da zan zauna in ga kowa. Amma kada ki faɗa, kin san shi da kunya." Na tambaye ta yaushe rabonta da zuwa. Ta ce, "In je in kalli me? Bayan raƙumi?"

Raƙumin da take nufi, raƙumin dawa ne na ƙarfe. Wata al'ada ce ta shigo mana: duk Babbar Sallah, kowane sashe na masaƙa sai ya yi wa wurin kyauta. 'Yan walda suka fara, suka haɗa ragowar bututu suka yi raƙumin dawan da ya fi katanga tsayi. Kafintoci suka ce ba za a bar su a baya ba, suka yi bene mai tsani. Magina suka zuba zaki na siminti, wanda in ba a gaya maka ba sai ka rantse tunkiya ce ta ƙoshi. 'Yan lantarki suka ɗaura lasifika da ƙwayaye masu launi, masu rini suka bi komai da fenti, har rumbun sai da ya koma ruwan hoda. Daga baya aka samu jirgin sama na durom, da rumfar mai alawa, da allunan tallan atamfarmu. Kuma ba mai iya cire ko ƙusa, don taɓa kyautar wani sashe tamkar ka ce musu ba su iya aiki ba ne.

Sai ga shi wata shekara 'yan walda sun fito da babban shiri. Lilo za su yi mai juyawa sama, irin wanda shugabansu ya gani a Legas, kuma ba inda zai shiga sai an baje tudun, an sare rabin tsamiyar. Shekarar ce kuwa Malam zai yi ritaya. Bayan Sallah zai kwashe ya koma garinsu can wajen Ringim, jikokinsa kuma suna nan Kano, don ubansu a Bompai yake aiki. Wato idan Hajiya ba ta zauna a kan tudun nan ta ga jikokinta suna wasa a wannan Sallar ba, shi ke nan.

Ranar wata Asabar da yamma aka kira taron kwamitin wurin wasan a ɗakin cin abinci. Ni kaɗai ce mace, kuma an sa ni ne don yara suna fasa goshi a wurin. Malam ya miƙe ya yi magana a nutse. Ya ce wurin ƙauye aka yi shi, yanzu kuwa ba ƙauye ba ne, ba birni ba ne, ba filin jirgi ba ne. Ya ce ido yana bukatar wurin hutawa, ko a zanen atamfa sai an bar fili tsakanin fure da fure. Duk gaskiya ya faɗa, amma ina kallon fuskokin mutane na san maganar ba ta shiga ba.

Shugaban 'yan walda ya tashi. Wani ƙato ne Badamagare, mai murya kamar injin masaƙa. Ya ce, "Malam, Allah ya gafarta muku, ba wanda ya raina aikinku. Amma mu bayan mun tashi aiki muke tsayawa mu yi abubuwan nan, ba wanda ya sa mu. Ɗana idan ya nuna raƙumin nan ya ce babansa ne ya yi, wallahi ji nake kamar an ba ni kujerar Makka. Fili kuwa, in fili ake so, ai daga fili muka gudo." Aka fashe da dariya, wasu har da tafi. Ni ma na san yana da tasa gaskiyar, don yara suna son raƙumin nan kamar me.

Manaja ya juya ya ce, "Malam, ko akwai wani dalili ban da kyau?" Na zuba wa Malam ido, ina cewa a raina ku faɗa mana. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Babu." Dattijo irinsa ya ambaci matarsa a gaban maza, har ya ce don ita ya tara tudu? Gara a baje tudun da shi a kai. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ga shi an ba ni amana ba ni da bakin faɗa.

Abin da ya cece mu shi ne ni Bakanuwa ce, shi kuwa shugaban walda Badamagare. Tsakaninmu da su akwai wasa tun kaka da kakanni, abin da zan gaya masa ya yi dariya, in wani ya faɗa sai an raba su. Na ce, "Ranka ya daɗe manaja, kafin a ɗaga hannu don ƙuri'a, a bar ni in yi wa bawana tambaya." Ya ce, "Wa ye bawanki? Mu da muka zo har ƙofar gari muka firgita kakanninku?" Na ce, "To jarumi, taso mu je ka nuna jarumtar."

Haka muka ɗunguma gaba ɗaya zuwa wurin wasan. Yara sun cika shi, har da tagwayensa mata. Na kai shi kan tudu na ce ya zauna a benci. "Sharaɗi ɗaya, kada ka tashi. Nuna min 'ya'yanka." Ya yi murmushi ya duba gabas, sai cikin raƙumi. Ya duba yamma, sai benen kafintoci. Ya leƙa ta ƙarƙashin fiffiken jirgi, ya miƙa wuya, ya fara ɗaga jiki. Na ce, "Zauna!" Ya ƙwala musu kira, lasifikar 'yan lantarki ta haɗiye muryar, duk girmanta. Da wasa aka fara, amma na ga fuskarsa ta sauya, irin sauyawar da kowane uba ya sani. Can sai ga ɗaya ta fito daga cikin durom, ɗayar kuma daga bayan zaki, baki duk alawa.

Na ce, "Yanzu gaya min, yaushe rabon uwarsu da zuwa nan?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Ta ce in ta zo gajiya take yi." Na juya ga sauran na ce kowa ya duba bencin nan. Yara fal, amma ba uwa ko ɗaya. A da nan mata suke baje tabarma, a yi kitso, a yi hira, ido yana kan yara. Yanzu duk wadda ta zo sai ta wuni tana zagaye da goyo a baya tana neman wani, shi ya sa suka daina. Su kuwa mazan ranar Sallah kawai suke zuwa a buɗe sabuwar kyauta, a ɗauki hoto, su tafi. Ba wanda ya taɓa lura.

Sai shugaban kafintoci, wani tsoho mai sanyin magana, ya ce, "Mun ji, Sista. Amma wa zai je ya ce wa yaransa an cire aikinsu an jefar a bola? Ni dai ba ni ba." Nan fa aka koma gidan jiya. Kowa ya yarda a rage, amma na maƙwabci za a rage. Magina suka ce jirgi ne ya tare hanya, 'yan walda suka ce bene ne, masu rini suka ce su fenti kawai suka shafa.

Badamagaren nawa, da yake bai huce da kayen da na yi masa ba, sai ya ce, "Abin mamaki wai Bakanuwa ce ke maganar tarkace. Ku da kuke jera kwalla da samira har rufin ɗaki, amarya ta rasa inda za ta shimfiɗa dadduma?" Aka yi dariya, ni kuwa na ji kamar an kunna min fitila. Na ce, "Madalla da bakinka. Ka san abin da uwa take yi da jeren nan in 'ya'yanta sun tasa? Ba ta zubarwa. Raba musu take yi, kowace ta tafi da nata ɗakinta, ana guɗa. An taɓa jin wanda ya ba ta kwanon ya yi fushi? Wurin nan ya girma, ya isa ya yi wa 'ya'yansa jere. Makarantar firamare ta Panshekara ko lilo ba ta da shi. Ga filin yara a Na'ibawa, ƙasa ce zalla."

Ban taɓa ganin magana ta juya da sauri irin haka ba. Nan take kafintoci suka fara gardamar cewa benensu ne ya fi dacewa da makaranta, 'yan walda suka ce a'a, raƙumi ne zai je, don a can 'ya'yansu suke karatu, kullum za a gan shi ba sai Asabar ba. Lilon mai juyawa kuma aka yarda a kafa shi can jikin katanga, bayan rafi.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah muka kai kayan. An ɗora raƙumin dawa a bayan motar kamfani, masu rini sun yafa masa sabuwar atamfa, wuyansa ya zarce kan motar har sai da wani ya hau da gora yana ɗaga wayoyin lantarki. Matan ma'aikata suka cika mota ta biyu, muna rangaɗa guɗa tun daga ƙofar masaƙa. Masu kekuna suna tsayawa, 'yan tireda suna fitowa, wata tsohuwa ta tare mu tana tambayar 'yar gidan wa ce. Badamagaren yana gaba a kan babur, ya sha babbar riga, yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ne uban amarya.

Ba komai ne ya koma yadda yake ba. Zakin siminti ya ƙi ciruwa, don magina sun zuba masa gindi kamar na bene, dole aka bar shi. Rumbun ma da aka kankare, ruwan hodar bai fita duka ba. 'Yan lantarki sun yi wata guda ba sa amsa min gaisuwa sosai saboda lasifikarsu da aka cire.

Ranar Sallah da yamma na ga an kawo Hajiya a mota. Jikarta babba ta riƙe ta har kan tudu, ta zauna a gindin tsamiya cikin mata, ta miƙe ƙafafu. Ba a jima ba na ji muryarta: "Ke, sauko daga gadar nan! Kai, na gan ka, sakar mata ɗankwali!" Tana faɗa tana dariya, hawaye yana bin kumatunta. Malam kuwa yana can gefe, hannu a baya, wai yana duba katakon gada, yana yi wa manaja mitar zakin da aka bari. Da ya zagayo kusa da tudun, Hajiya ta ce a hankali, "Malam, ga su can, duk ina ganinsu." Bai ɗago ba. Ya ce, "To, madalla," ya wuce da sauri. Da ya zo gifta ni na ce, "Malam, barka da Sallah, kun ga wuri ya yi fili." Sai kawai ya gyaɗa kai ya cire tabarau.

Bayan Sallah suka tafi, ban sake ganinsu ba. Amma tun daga ranar na koyi cewa kafin ka ƙara wa abu ado, ka nemi sanin don wa aka yi shi tun farko. Duk mutanen nan da zuciya ɗaya suka yi kyautarsu, kuma da ita suka kusa raba wata baiwar Allah da kallon jikokinta. Sau da yawa mai dalilin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba zai iya faɗarsa a taro ba, don haka idan na ga dattijo ya kafe a kan abu ya kasa bayani, ba na saurin ɗaga hannu.