Jikana Lawali da shirun gidana

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, har wasu tsofaffin ɗalibaina suna tambaya ko Mushe Isa yana raye (Mushe ake ce wa malamin makaranta a wajenmu). Ina raye, sai dai ƙafafu sun yi rauni, ido ma ya rage. Abin da ya rufe mini baki jinyar jikana ce, Lawali.

Lawali ɗan fari ne ga 'yata Habsu da ke aure a Gangara. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yaye shi kuma sai a kai wa kakanni. Haka aka kawo mana shi nan garinmu Agiye. Bai cika wata huɗu a hannunmu ba matata ta rasu.

Muka rage ni da shi, sai rediyo.

Ya kai shekara biyu da rabi bai ce ko "ruwa" ba. In yana son abu sai ya ja rigata ya nuna. Kafin ya gama nunawa na miƙa masa. A ganina tausayi nake yi.

Da ya shiga shekara uku ya fara cizo. Daga cizo sai jifa da kwano, daga nan sai buga kai da bango har goshi ya kumbura. Yaran unguwa suka daina zuwa ƙofarmu. Maƙwabciyata Mariya ta ce, "Mushe, kai da ka ladabtar da 'ya'yan gari a lakol kana koya musu boko, naka ya gagare ka?"

Maganar ta shige ni. Ranar na ɗauki tsumagiya. Bai gudu ba, ya tsaya yana kallon bakina. Har yau in na tuna sai in yi nadama.

Wanzami ya duba ƙarƙashin harshensa ya ce lafiya lau. Mun sha rubutu. Kowa ya ce in yi haƙuri, wani yaron haka yake.

Wata safiya na zame a tsakar gida, na kasa tashi. Lawali ya fita yana ihu, yana jan zanen duk wadda ta gitta. Suka kore shi, sun ɗauka halin nasa ne ya motsa. Ina kwance a rana har azahar kafin a leƙo.

A kwancen nan na gane abin da nake tsoro. Ni kaɗai ke gane yaron nan a duniya, kuma ni tsoho ne. In na tafi, wa zai san me yake nufi?

Na sayar da akuya, na kira Habsu, muka je asibiti. Layi tun hantsi. Aka auna shi, aka leƙa kunnuwansa da 'yar fitila, aka tafa hannu a bayansa. Sai da aka tafa da ƙarfi ya waiga. Aka ba mu takarda zuwa Maradi.

A can aka gwada jinsa da na'ura. Aka ce ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa, magana na iso masa kamar daga cikin rijiya. Sai na tuna mugunyar da nake share masa a kunne da auduga tun yana ƙarami.

Likitar, mace ce, ta ce, "Baba, wa ke hira da shi a gida?"

Na ce, "Kullum rediyo a buɗe yake."

Ta ce, "Rediyo ba ya jiran amsa." Ta juya ga Habsu. "Ke ce uwar? Yaya sunansa?"

Habsu ta sunkuyar da kai. "Baba, faɗa mata."

"Da bakinki nake so."

"Ai ɗan fari ne."

Likitar ta ce magani zai taimaki kunne, amma baki sai da mutane. Yaron yana bukatar gida mai yara da surutu, da uwar da za ta dube shi ta kira shi. Cizon da fushin kuma, ta ce, maganar da ta rasa hanyar fita ce.

A tasha na ce wa Habsu, "Mu muka koya miki kunyar nan. Ki ajiye ta, ki tafi da ɗanki."

"Baba, mutane za su ce ba ni da ta ido."

"Su ce."

"To kai fa?"

Na miƙa mata hannun yaron, ta tafi da shi Gangara, ni na koma Agiye ni kaɗai.

Farko abin ya ƙara muni. Ya ciji ƙanwarsa, ya ƙi abinci, ya yini a bakin ƙofa. Habsu ta kira ni a waya tana kuka. "Baba, wannan yaron..."

Na ce, "Wane yaro?"

Na sake tambayarta. Sannan ta ce, "Lawali."

Mun koma Maradi sau da dama. Kalmomi suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, suna ƙaruwa cizo na raguwa. Yanzu ya haura shekara biyar. Bai kamo tsaransa ba, in ransa ya ɓaci yakan yi jifa har yanzu, kuma ina fargabar ranar da zai shiga lakol. Amma in yana jin ƙishi yana faɗa, kowa kuma yana ganewa.

Jiya ya karɓi wayar uwarsa ya ce, "Kaka, tsoho, ka ci tuwo?" Na ce na ci. Ban ci ba, amma na ƙoshi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, na gode wa Habsu da ta haɗiye surutun mutane. Mariya ma na gode, ita ke aiko mini da fura yanzu.

In yaronku ya makara da magana, ku kai a duba kunnensa, kada ku jira. In kunne na zubar da mugunya, ba aikin auduga ba ne. Kada ku miƙa masa abu tun bai gwada faɗa ba, kada ku doke shi don fushin da ya kasa bayyanawa. Ku kira sunansa, ko ɗan fari ne.

Gidan ya yi mini faɗi ƙwarai. Amma yanzu ko yau ajali ya kira ni, na san akwai masu jin Lawali.