Igiyar da Ta Sha Rana a Kwatarkwashi

Tun ina ƙarama nake jin Inna, in za mu ɗaure ƙullin kaya ko bakin buhu, tana cewa a yi masa ɗaurin Labbo. Sai da na shiga aji uku na firamare na san Labbo mutum ne, yayanta ne ma, direban babbar mota da ke jigilar hatsi tsakanin Tsafe, Gusau da Bungudu. Ranar da ya fara zuwa gidanmu da wayona na tarar da wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, yana dariya tun daga zaure. Ya kawo mana rake, an ɗaure shi tamau har sai da Inna ta sa wuƙa.

Ni ce mai littafin gidanmu. Tun da na gama sakandare nake rubuta haihuwa da aure da rasuwa, da duk labarin da tsofaffi suka yarda su ba ni. Na Kawu Labbo sau uku na ji shi daga bakinsa, kuma kullum yawan buhunan na canzawa, amma sauran ba ya motsi.

A shekarar da aka haife ni Alhaji Tukur, wani mai motoci a Gusau, ya miƙa masa makullin mota karo na farko. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa. Direban da ya gabace shi ya zubar da buhuna a kan titi, jami'an duba motoci suka ja motar zuwa harabar ofishinsu ta yi kwana tara. Alhaji ya ce duk ranar da motarsa ta sake kwana a can, Labbo ya aje makulli ya koma gona.

Sati na uku da fara aiki, cikin damina, ya yi lodin gero a Tsafe. Ana cikin lodi aka yi ruwa. Aka rufe buhunan da tamfol, amma igiyar ta jiƙe sharkaf, irin kakkaurar igiyar rama da ake amfani da ita a lokacin. Ya ja ta da ƙarfinsa duka, ta yi tauri kamar ƙarfe, ya ji daɗi ya kama hanya. Kafin ya yi nisa rana ta buɗe.

A Kwatarkwashi jami'ai suka tsayar da shi. Babbansu, wani dogo mai suna Ashiru, bai tambayi takarda ba. Ya zagaya motar, ya zura sandarsa ƙarƙashin igiya ya ɗaga, sai ga ta ta taso kamar zaren wando. Buhunan sama sun karkata gefen da masu babur ke bi. Ya ce motar ba za ta motsa haka ba; ya ba shi zuwa la'asar ya gyara, in ba haka ba janwe zai zo daga Gusau ya ja motar.

Kawu ya ce rantsuwa ya shiga yi cewa da hannunsa ya ɗaure, har ya fara zargin wani ya kwance masa a hanya. Sai ya ji murya daga gindin wata bishiyar bedi: "Direba, kawo igiyar ga in gani."

Mai maganar makaho ne, Malam Sadiƙ, yana zaune yana tufkar igiya. Kawu ya ce don kunya kawai ya kai masa bakin igiyar. Malam ya murza ta, ya buɗe tufkar da farce, ya kai kumatunsa. Ya ce babu wanda ya kwance komai. Rama in ta sha ruwa takurewa take yi, in ta bushe ta saki jiki. Bayan igiyar ya bushe, cikinta kuwa da sauran sanyi, don haka in aka sake ɗaurewa yanzu, kafin Gusau za ta sake saki. Ya ce a kwance ta duka a shimfiɗa a kan dutse.

Kawu ya dubi rana, azahar ta kusa. Ya ce wa Malam in ciniki yake nema ya faɗi, zai sayi busasshiya a wurinsa.

"Tawa ta ɗaure akuya ce," in ji Malam. "In akuya kake tuƙawa, bismilla."

Har Ashiru sai da ya yi dariya. Kawu ya kwance igiyar, ya hau falalen dutsen da ke bayan bedin ya shimfiɗa ta layi-layi. Ya ce bai taɓa ganin lokaci mai gudu irin wannan ba. Duk bayan ɗan jim ya ɗauko bakin igiyar ya kawo, Malam ya kai kumatu ya ce da saura.

Da aka idar da azahar, Malam ya tare masu fitowa daga masallaci, yana kiran kowa da sunansa daga jin takunsa. Manoma goma sha wani abu suka hau motar, suka sauke layi biyu na sama, suka sake jera su ana sarƙa buhu da buhu, ana yi wa baƙon direba tsiya cewa dutsen garinsu ya fi shi iya aiki. Wata mai fura ta aiko da ƙwarya guda ta ce ladan kallo ne.

Inuwa ta fara tsawo sannan Malam ya ce ta yi. Ya sa aka kai shi jikin motar, ya kama hannun Kawu cikin nasa ya nuna masa wani ƙulli mai zarge, wanda za ka ƙara ja ba tare da ka kwance ba. Sau huɗu Kawu yana kuskure, Malam yana bugun bayan hannunsa, kafin ya iya ya ɗaure lodin duka. Ladan ya fara gyaran murya don kiran la'asar lokacin da Ashiru ya zo da sandarsa. Ya nemi wurin zurawa ya rasa. Ya buga igiyar, sandar ta dawo masa. Ya juya ya tambayi Malam ko a saki direba, tun da yau shi ne babban jami'i. Malam ya ce a sake shi, amma gobe ya tsaya ya gaishe shi.

Shekara goma sha tara makullin nan yana aljihun Kawu, kuma motar ba ta taɓa kwana a harabar kowa ba. Ko da aka koma igiyar roba da bel mai ƙugiya, bai taɓa wuce Kwatarkwashi ba sai ya tsaya ya taɓa kowane ɗauri, ya kai wa Malam goro, har Allah ya yi wa Malam rasuwa. Direbobin da suka koya a hannunsa su ma a nan suke tsayawa, wasu ba su ma san dalili ba.

Da sallar bara na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara yana murmushi, ya ƙara buhu ashirin a kan lissafina. Sannan ya dafa littafin ya ce, "Wasila, ɗiyata, abu guda nika roƙo. Innarki ba ta jin magana, ta riga ta saba. Amma ke, inda duk kika sa ɗaurin Labbo, ki goge ki sa ɗaurin Malam Sadiƙ."