Ruwan Famfon Mokolo

Mun tashi da asuba daga Ngaundere, mu uku, ranar goma ga azumi. Ƙanena ne ya ga yarinya a unguwar Briqueterie ta Yaounde, ɗiyar wasu mahauta, aka ce ni babban wa in je in nemo masa a sa rana bayan sallah. Shi ya rako mu tasha, yana ta gyara mini hula kamar ni ne angon.

Wannan ne karona na farko a sabon jirgin ƙasan nan da ya iso mana. Yana da daɗi, amma ba ya son sauri. Kusa da ni wani mai kwat ya zauna, na yi masa sallama bai amsa ba, nan take na ce wa abokan tafiyata wannan girman kai zai kashe shi. Daga Belabo daji ya rufe, bishiyoyi har ba ka ganin ƙarshensu. Kowace tasha mata na miƙo ayaba da abarba ta taga, nonon ayaba guda dala huɗu, abin da a gida ko a mafarki. Mu dai sai haɗiyar yawu.

Jirgi ya kwana da mu a hanya, cikina kuma ya ɗan juya, don haka washegari na ajiye azumi, tunda matafiyi an yi masa rangwame. Da hantsi muka sauka, muka cusu mu shida a tasi har kasuwar Mokolo don sayen goron gaisuwa. Zafin Yaounde mai gumi ne, ga hawa da gangara. Na ga famfo a gefen hanya, na tara hannu na sha na ƙoshi. Wani tsoho mai lema yana zaune a benci yana kallona. Ban ko kula ba.

Briqueterie kuwa kamar an ɗauko gida an dasa a kudu. Kekunan tela na ta ƙara, masu tsire na jera tsinke tun kafin la'asar, yara na haɗa Hausa da Faransanci a baki ɗaya. Aka kai mu zauren baffan yarinyar, wanda shi ne waliyyinta. Ina ɗaga ido sai ga tsohon nan na benci. Lemar tana jingine a bango.

Ya amsa gaisuwa sama-sama, ya dube ni ya ce, "Malam, ba kai ne na famfo ba?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Matafiyi ne ni, kuma ba ni da lafiya."

Ya ce, "Na san hukuncin. Amma wanda bai iya juya wa jama'a baya ya sha ba, ban san me zai ji kunya ba. Kuma wai babban gidanku ke nan. Ku koma da goronku."

Shekara ashirin da biyar ban taɓa shan azumi ba sai ranar. Abokan tafiyata suka roƙa, suka rantse a kan halina, suka kawo sunan mahaifinmu. Tsoho ya ce shi abin da idonsa ya gani ya gani. Bai tambayi sana'ar ƙanena ba, bai tambayi komai ba.

A jirgin dawowa ko abarba ban kalla ba. Mai kwat ɗin nan ya yi ta faɗo mini a rai. Wa ya sani ko kurma ne, ko rasuwa aka yi masa. Tafiyar ta koya mini cewa mutum kan auna ɗan'uwansa da abin da bai fi ƙiftawar ido ba, kuma ni ma haka nake yi.

Muna isowa Ngaundere na hango ƙanena a bakin tasha, yana tsalle yana tambaya da hannu wace rana aka sa. Na sauko da ƙunshin goron a kafaɗa, ɗaurinsa ko kwancewa bai yi ba. Azumin zan rama shi bayan sallah. Nasa ne ban san yadda zan rama ba.