Doshima a Bakin Murhun Dada

Kakata ta wajen uba, wadda duk unguwarmu a Azare ke kira Dada, Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Chinade. Ta haura shekara arba'in a cikin gari, amma Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba, ita kuma ko a jikinta. Mu jikokinta mukan kwaikwaye ta a bayan idonta, ni ce ma gaba-gaba, don tun ina ƙarama bakina ba ya zama wuri ɗaya. Amma da zarar sanyi ya shigo, aka idar da Magariba aka ci tuwo, duk iya shegenmu sai ya kwanta. Mu kewaye murhunta, ta tura ƙirare cikin garwashin da ya rage, ta binne dankali a toka, sannan ta buɗe tatsuniya da cewa, "Ga ta can tafe da sandarta." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Dada tana da wata doka da ban ji ta a gidan kowa ba. In ta gama tatsuniya takan ce, "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka." Washegari kafin ta kawo sabuwa, sai ta nuna ɗayanmu da muciya, ya tashi tsaye ya mayar da ta jiya daga farko har ƙarshe. Wanda ya kasa, dankalinsa ya zama na wani. Na sha rasa nawa, don ni surutu nake yi lokacin da ake sauraro.

Shekarar da nake aji uku, wajen ƙarshen shekarun tamanin, aka kawo wani ma'aikacin ofishin gona daga Binuwai, ya kama haya a gidan da ke jingine da namu. 'Yarsa Doshima aka sa a ajinmu. Yaren Tibi take ji, sai ɗan Turanci, mu kuwa a ƙananan azuzuwa kusan komai da Hausa ake koyar da mu. Wata biyu cur ba wanda ya ji muryarta. Malam Audu ya yi tambaya, ta zuba masa ido; ya ɗaga murya, ta sunkuyar da kai. Daga ƙarshe ya ce in zango ya ƙare za a mayar da ita aji ɗaya. Matar mai gidan da suke haya ce ta kawo mana sauran labarin: uban ya ce shi 'yarsa ba za ta zauna da 'yan aji ɗaya ba, gara ya mayar da ita Binuwai wajen gwaggonta, uwar kuma tun ranar take kuka, don ita ke nan gare ta.

Ni ce na laƙaba mata suna Bebiya, kuma sunan ya bi ta. Wata rana ina ba da labarin a tsakar gida ina dariya, ban san Dada na bayana ba.

"Ke mai bakin nan," in ji ta, "tun da aka haife ki kike magana, me kika taɓa faɗa? Wuce ki kira min yarinyar."

Na je na kamo hannunta, na ja ta kamar akuya, don ba ni da kalmar da zan ce mata zo. Dada ta matsa mata wuri a gefenta, ta rufa mata bakin zanenta a ƙafa, ta fara wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Wai a wani gari ruwa ya yi kwana bakwai yana zuba har wutar kowane gida ta mutu. Mutane na hango hayaƙi a ƙetaren kogi, a garin wasu da ba a jin yarensu. Aka tura sarkin fawa, ya je ya tsaya a dandali yana ta ihu a ba shi wuta, suka ɗauka faɗa ya kawo, suka kore shi. Aka tura maroƙi, ya yi musu kirari yini guda, suka yi dariya suka ba shi ƙwai. Sai wata yarinya ta ce ita za ta je. Da ta isa ba ta ce uffan ba. Ta tarar da wata tsohuwa tana daka ita kaɗai, ga taɓarya ta biyu a jingine. Ta ɗauka, ta tsaya ta saurari saukar ta tsohuwar, sannan ta shiga tsakani, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har gero ya yi gari. Tsohuwa ta ba ta ruwa, ta faɗi sunansa da yarensu, yarinya ta maimaita. Da yamma tsohuwar ta taɓa hannun yarinyar ta ji shi kamar ƙanƙara, ta dubi ƙetaren kogi ta ga ba hayaƙi ko ɗaya. Ba wanda ya yi mata bayani. Ta cika kasko da garwashi ta ɗora mata a ka.

Tatsuniyar tana da waƙa, wadda mutanen gari ke yi a bakin kogi duk sa'ad da aka tura wani. Dada ba ta taɓa juya waƙoƙinta zuwa Hausa ba, da Fulatanci take barin su: "Waddu yiite, jaangol nanngi min," wato kawo wuta, sanyi ya kama mu. Mu ma a lokacin ba mu san ma'anarta ba, bi kawai muke yi. A zuwa na uku na ji wata siririyar murya a cikin namu, ta fi ta kowa dacewa da ta Dada. Na waiga na ga bakin Doshima ne ke motsi.

Dada ta karya dokarta a kan wannan tatsuniya, ta maimaita ta yamma huɗu a jere, tana daka da hannu a iska, tana karkarwar sanyi, tana ɗora kaskon gaske a kanta. Muka fara gunaguni. A ta biyar ta ɗaga muciya ta nuna Doshima.

"Dada, ai ba ta jin Hausa," na ce.

"Wa ya ce da Hausa? Ta mayar da ita da bakin da ta sha nono."

Ta nuna mata bakinta, ta nuna gidansu. Doshima ta daɗe a tsaye tana murza gefen rigarta, sannan ta fara. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma na san daidai inda take. Na ji sarkin fawa ya iso, don ta kumbura murya. Na ji dakan. Da ta ja numfashi ta dube mu, mu tara muka faɗa cikin waƙar a tare, ba wanda ya ce mana lokaci ya yi. Sau uku muna shiga a gurbin da ya dace. Da ta gama Dada ta tono dankali mafi girma ta ba ta, ta nuna garwashi ta ce "wuta," ta ce "yiite." Doshima ta ce "usu." Dada ta maimaita, ta ɓata shi, yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar Litinin Dada ta yafa mayafinta na zuwa suna, ta ce in kai ta makarantarmu. Ba ta taɓa taka makarantar boko ba. Kunya ta kama ni, na san za ta yi Hausar nan tata a gaban 'yan ajinmu. Ta yi sallama a ƙofar aji, Malam Audu ya fito ya rusuna ya gaishe ta.

"Malam, an ce za ka mayar da 'yar nan baya don ba ta da kai."

"Hajiya, ba ta amsa komai ne."

"Ni da na zo garin nan shekara guda ban amsa komai ba, a bakin turmi na koyi Hausa. Yarinyar nan ta ɗauki tatsuniya guda daga bakina ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Ka ba ta zuwa damina. In ba ta yi magana ba, ni ka sa ni aji ɗayan."

Ajin ya ɗauki dariya, Malam ma ya dara, amma ya amince. Ni kuwa a wurin kunyar ta bar ni. Na tsaya kusa da ita ina jin kaina ya yi girma, ina so kowa ya san kakata ce.

Doshima ba ta koma Binuwai ba. Kullum yamma tana bakin murhu, da rana kuma Dada ta haɗa mu daka a turmi ɗaya, ni ina zuba surutu ita tana kwashewa, karon farko da bakina ya yi wa wani amfani. Kafin ruwan farko ta fara mayar da tatsuniya da Hausa, kafin mu gama firamare tana zagina da ita fiye da yadda na iya ramawa. Ta yi karatun jinya, ta yi aure, ta zauna a Azare.

Yau shekarata ashirin da wani abu ina koyarwa a aji ɗaya. Duk shekara sai an kawo min yaron da ba ya magana, daga ruga, ko daga Yobe, ko daga kudu. A da ina ɗauka tatsuniyar ɗiban wuta labarin yarinya mai wayo ce. Yanzu tsohuwar nake gani, wadda ta bar taɓarya a jingine, ta kuma taɓa hannun baƙuwa ta gane abin da ya kawo ta. Ban taɓa rubuta wa yaro cewa ba shi da kai ba. Nakan ba shi labari, in sa shi ya mayar da bakin gidansu, in ga ko ajin zai shiga waƙa a kan lokaci.

A ciwonta na ƙarshe Hausa ta gudu daga bakin Dada gaba ɗaya, ta koma Fulatancin ƙuruciyarta. Muka kewaye gadonta a asibiti, jikokin da suka yi ta kwaikwayonta, ba mai iya haɗa mata zance biyu. Tana ta faɗin wani abu tana kallonmu, mu muna kallon juna. Doshima ce ke aiki a ɗakin a ranar. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta zauna a bakin gado, ta kama hannun Dada ta ji shi da sanyi. Ta ja bargo ta rufa mata ƙafa, ta sunkuya ta rera a hankali, "Waddu yiite."

Dada ta juyo da kai, ta dube ta, ta ƙarasa mata sauran.