Komik ɗin da Ya Sha Turaren Wuta

A duk shekarun da na yi ina saye da sayar da littattafan komik, masu ba da labari da zane, a Greensboro, ranar da ta ƙi fita raina ita ce Asabar ɗin da Hajiya Falmata, matar Alhaji Isufu abokin jarina, ta kira ni a waya ta ce in zo gidansu maza, Alhaji yana da ƙorafi a kan kayanmu. Ku da kuka shigo sana'ar daga baya ya kamata ku ji labarin daga bakina, don ku san irin mutanen da za ku yi hulɗa da su.

Ni ban tashi da karanta komik ba. Ɗan Fagge ne ni, kuma da na zo ƙasar nan gwanjon kayan sito nake bi, irin ɗakunan ajiyar da masu su suka daina biyan haya. A ɗaya daga ciki na tarar da kwalaye cike da littattafan zane, na kusa zubar da su, sai wani Bature ya taya su da kuɗin da ya sa na fasa sayarwa na koma gida na fara bincike. Daga nan na kama shagon nan na Gate City Boulevard.

Ga abin da wanda ba ya cikin harkar bai sani ba. Tsohon komik mai daraja ba a sayar da shi tsirara. Akan aika shi kamfanin tantancewa, su duba kowane shafi, su ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, sannan su rufe shi a akwatin roba mai haske su liƙe. Makin nan shi ne kuɗin. Muddin akwatin yana rufe, kamfanin yana tsaye a kan makinsa. Ranar da aka fasa shi, littafin ya koma tsohuwar takarda da kowa zai faɗi ra'ayinsa a kanta.

Lokacin korona kuɗi ya yi wa mutane yawa a hannu, waɗanda ba su taɓa karanta shafi ɗaya ba suka riƙa sayen komik kamar fili. Da kasuwar hannayen jari ta juya ta fara faɗuwa, mu ba mu ji a jikinmu nan take ba. Sai bayan 'yan watanni waya ta fara ƙara, kowa yana son sayarwa. Matsakaitan littattafai su suka fara zubewa, don kowa yana da irinsu. Manyan, waɗanda ba su da yawa a duniya, sukan ɗan jure, amma su ma idan mai su yana neman kuɗi yau, dole ya sauko. A irin wannan lokaci mai tsabar kuɗi a hannu shi ke faɗin farashi.

Ana haka wani likitan haƙori daga McLeansville ya shigo da akwati guda a cikin jaka, ya rungume shi kamar jariri. Hannayen jarinsa sun nutse, banki kuma ba ya jira. Littafin ya girme ni, makinsa mai kyau, kuma farashin da ya yanka bai kai rabin na bara ba. Duk da haka ya fi ƙarfina. Na tattara abin da na ajiye don sabunta hayar shago, sauran na nufi Alhaji Isufu, mutumin Damagaram mai filin sayar da motoci a ƙasan titinmu. Ni Bakano, shi Badamagare, saboda haka ba ma gaisawa sai da tsokana. Hausarsa kuma a gauraye take da Faransanci.

Na nuna masa hoton a waya. Ya daɗe yana kallo.

“Bon, to. Bawana, wannan littafin yara ne ko idona ne?”

“Na yara ne, Alhaji, amma kuɗinsa na manya.”

“Kuɗin mota guda a kan takarda? Wa zai saya?”

Na ce akwai wani dillali a Charlotte da ya riga ya yi tayi, yana jiran ya haɗa kuɗi ƙarshen wata. Mu saya yau, mu riƙe, mu raba riba. Alhaji shi ma ya ƙone a hannun jari, ya ce gara abin da zai iya taɓawa da hannu. Sharaɗinsa ɗaya, a ajiye littafin a sef, akwatin ƙarfen gidansa. Na yarda, don inshorar shagona ba ta kai nan ba. Na gaya masa kada rana ta taɓa shi, kada danshi, kuma sama da komai kada a buɗe. Na maimaita har ya gaji ya ce, “Dakor, dakor, na yarda, ni ba yaro ba ne.”

Abin da ya faru a tsakani daga baya na ji. Alhaji ya ba da labari a majalisarsu ta filin motoci, aka sa shi gaba. Wani ya ce Bakano ya sayar masa da bango, ciki jarida ce. Wani ya ce shi da ba ya sayen mota sai ya shiga ƙarƙashinta, yau ya sayi kaya a rufe. Maganar ta kwana masa a rai.

Da na isa gidan ran Asabar ɗin, ƙamshi ne ya fara tarbata tun daga ƙofa. Na yi sallama na shiga falo. A kan tebur ga akwatin roba ya rabu biyu, ga sukundireba a gefe. Alhaji yana kishingiɗe da tabarau a hanci, littafin a hannunsa, ya lanƙwasa bangon baya kamar mai karanta jarida. A gabana ya lashi yatsa ya juya shafi.

Na zauna a ƙasa a gabansa.

“Alhaji, me ka yi?”

“Na buɗe bonet. Wala, ga shi, injin lafiya lau, shafi bai ɓace ba. Ka riƙe amana, Bakano, na yi mamaki.”

“Na ce kada a buɗe!”

“Ka ce, na ji. Amma wane ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin abu bai ga cikinsa ba? Ka saya mana wata robar a kanti, ni zan biya.”

Kafin in sami bakin magana Hajiya ta shigo da tire na shayi. Ta ce, “Malam Sani, sannu da zuwa. Ai littafin naku wari yake kamar ɗakin da aka shekara ba a buɗe ba. Da safe na ɗora shi a kan kwando na turara shi tare da mayafaina. Shaƙa ka ji, ba turaren kanti ba ne, daga gida aka aiko min.”

Na shaƙa. Gaskiya turare ne mai kyau. Sai dai masu tara komik suna sansana littafi kafin su saya, kuma ƙamshin hayaƙi a wurinsu aibi ne, ko na sigari ne ko na sandal.

“To mene ne ƙorafin, Alhaji?” na tambaya.

Ya juya min shafin ƙarshe. “Labarin bai ƙare ba. An ɗaure mutumin nan a cikin rijiya, ruwa yana hawa, sai takarda ta ƙare. An sayar mana da rabin kaya.”

Na yi masa bayani a tsanake, ba tsokana. Na ce abin da ya fasa da sukundireba ya fi abin da ke hannunsa tsada. Idan muka mayar kamfani sai an yi watanni, makin zai sauka saboda lanƙwasar da yawun, kasuwa kuma kullum ƙasa take yi. Na ce kuɗin hayar shagona yana cikin takardar nan, idan ta faɗi na rufe. Alhaji ya cire tabarau ya ajiye littafin a kan tebur. Hajiya ta ajiye tiren ta koma kicin.

Ranar Litinin na kira mutumin Charlotte na gaya masa komai, har turaren. Wani zai ce da na sake rufe shi na yi shiru, amma a sana'ar nan sau ɗaya ake kama mutum. Ya ce ya gode da gaskiyata, kuma dama kuɗin nasa ma sun maƙale a hannun jari. Na kira wasu dillalan, duk tayin wulaƙanci suka yi. Sai na sa littafin a leda na ajiye a cikin gilashin shago, shago ya ɗauki ƙamshin ɗakin amarya.

Alhaji ya riƙa zuwa kullum yana zama a kujerar kusa da ƙofa kamar mai zaman makoki. Yana nan ranar da Mista Otis ya shigo, wani dattijo baƙar fata daga East Greensboro, tsohon direban bas, wanda ke sayen littattafai masu araha duk mako. Ya tsaya a gaban gilashin bai motsa ba. Ya ce yana yaro ya mallaki irin wannan, mahaifiyarsa ta zubar da shi lokacin da suka tashi daga gida. Shekaru yana ganinsa a cikin roba, farashi yana gudu yana barinsa.

“Zan iya taɓawa?”

Na miƙa masa, na faɗa masa aibinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe a hankali, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya ce, “Kamar cocinmu ranar biki.” Na tambaye shi ko faɗuwar kasuwa ba ta taɓa shi ba. Ya yi dariya ya ce kuɗinsa ba ya wurin dillalan jari, yana wurin matarsa, kuma ita ba ta taɓa faɗuwa ba.

Ya yi tayi. Kafin in amsa Alhaji ya miƙe ya ce, “Albarka!” Na fassara, Mista Otis ya ƙara kaɗan, Alhaji ya sake cewa albarka, ya rantse da Hausa cewa turaren kaɗai daga Damagaram ya zo. Suka yi ta ja, ni ina tsakiya ina tafinta, har dattijon ya kira matarsa a waya ya dawo da farashin ƙarshe. Riba ba mu gan ta ba, uwar kuɗi ma ta ɗan yi giɓi, Alhaji ya ce a cire a kasonsa. Na biya haya, shago ya tsaya.

Abin da na koya shi ne, kwastomomin sana'ar nan iri biyu ne. Akwai masu sayen maki, su ne ke cika shago idan kasuwa tana sama, kuma su ne farkon ɓacewa idan ta faɗi. Akwai masu sayen labari, ba su da manyan kuɗi, amma ba sa duba hannun jari kafin su shigo. Wanda ya raina su lokacin daɗi ba zai sami mai buɗe masa ƙofa lokacin wuya ba. Darasi na biyu kuma, idan za ku yi haɗin jari da ɗan kasuwar gida, ku sani zai duba kayansa ko me kuka ce, don haka ku riƙe kayan a wurinku.

Mista Otis yana shirin fita Alhaji ya riƙe masa hannun riga, ya ce in tambaye shi yadda mutumin nan ya fita daga rijiya. Dattijon ya ƙi faɗa, ya nuna masa kwalin littattafai masu araha, ya ce akwai sabon bugu na kashi na gaba a ciki. Alhaji ya tona ya zaro shi, ya taya har na gaji na sallama. Sai ya tsaya da littafin a hannu yana kallona.

“Bakano, wannan ma an hana buɗewa?”

Na ce, “Buɗe abinka, Alhaji. Ka sa yawu ma in kana so.”