Zaren da Muka Manna wa Benen Manawashi

Layin ya miƙe sak a laftof ɗina, ko gezau. Na juya wajen malamin da nake taya bincike na ce, "Oga, ginin nan fa ya daina numfashi."

Aikinmu zaren gilashi ne, siriri kamar gashi. Sai mu manna shi a jikin kankare, haske na bi ta ciki. Gini na motsawa hasken zai canja, wani ɗan akwati mai jar fitila ya turo mana layin a laftof. Ko lafiyayyen gini, in rana ta doke shi layin hawa yake, da yamma ya sauka.

Wannan a wani bene muka sa shi a unguwar Manawashi, wanda ya tsage tun ƙarar bam ɗin da ta girgiza gari. A ƙasa wata tsohuwa ce ke haya da jikokinta, daga Borno suka gudo.

Oga ya ce, "Ƙila ginin ya zauna ne."

"Da rana tsaka ma, Oga?"

Na tari Keke. Kowane shingen sojoji a sauka, a ɗaga hannu, a wuce. Unguwar tsit, ko mai ruwa babu.

Tsohuwar na ganina ta ce, "Ɗan nan, abinka ka zo gani?" Ta ja ni bayan gida. Ashe sun ɓare zaren a hankali, sun naɗe, sun binne shi da akwatin a yashi. Farantin sola kawai suka bari a waje, kada a ce sun lalata kayan mutane.

"Iya, wallahi ba ya fashewa. Gadinku yake yi."

"A garinmu mun ga abu mai waya da jan ido a bango. Shi ma ba wanda ya ce mana zai fashe. Tun da ka sa shi yaran nan ba su runtsa ba."

Na shiga ɗakin. Tsagar da a da ko reza ba ta shiga, yanzu yatsana ya shige. Babu iska, amma rairayi na zubowa kan tabarma a hankali, ƙaramar jikar na tara shi a murfin kwalba.

"Iya, ku tashi daga ɗakin nan."

"Mu tashi zuwa ina?"

"To bari in mayar da zaren, in ya motsa in kira ku."

"Ka mayar, mu kwana a titi, sojoji su same mu."

Na tsaya riƙe da gam. Don Allah, in ku ne a wurina, za ku manna ko za ku bar musu barcinsu?