Shafin da na karanta a Lyon

Ina da shekara arba'in da takwas na fara koyon boko. Na daɗe ina sauke kwalayen kayan lambu a babbar kasuwar Rungis, ina gane su da launi da zane. Da na tashi neman katin zama mai tsawo, aka ce sai na ci jarabawar Faransanci, har da rubutu. Sai na shiga ajin manya a Montreuil, kusa da gidan ma'aikatan da nake zaune.

Ɗan ƙanwata yana Lyon. Ya yi karatu mai zurfi, yana aiki a wani ƙaramin kamfani. Ya taɓa yi mini bayanin aikin a waya. Ya ce akwai kasuwa a intanet inda ake kafa tambaya a kan abin da bai faru ba tukuna, wani ya sayi "i", wani ya sayi "a'a", ranar da abin ya tabbata a ga wanda ya dace. Yanzu har na'urorin nan masu karatu da yanke shawara da kansu suna ciniki a ciki. Shi aikinsa rubuta musu takardar bayani: yadda ake duba farashi, yadda ake saye, yadda ake janyewa. Na ce ai wannan caca ce. Ya ce shi bai taɓa saye ba, hanya kawai yake kwatantawa.

Tun da na shiga aji yake kirana kowace Lahadi. Da can sai salla zuwa salla. Yakan tambaye ni kuskure nawa na yi a shifta, wane harafi ke ba ni wuya, ko na yi fashin aji. Ni kuwa ina ta zuba masa labari, don babu wanda ya taɓa damuwa da karatuna haka.

Wata rana ya ce in zo Lyon. A aikinsu, in an gama takarda, sai a ba wanda ba ɗan sana'ar ba ya karanta da ƙarfi, duk inda ya yi tuntuɓe a gyara wurin. Ya aiko mini da tikitin jirgin ƙasa. Na goge rigata ta zuwa Juma'a, na kuma gaya wa malamarmu cewa an kira ni in yi karatu a ofis.

Mutum biyar na tarar a ɗakin, kowa da kofinsa. Aka zaunar da ni gaban babban allon kwamfuta. Karatuna a lokacin kalma-kalma ne, da yatsa. Ba na gane jimla sai na kai ƙarshenta na waiwayo. Shafin farko ya wuce lafiya, wata mata tana sa alama duk inda na tsaya.

Shafi na biyu misali ne, don na'ura ta ga yadda ake yi. Na karanta tambayar da ƙarfi, a hankali, har ƙarshe, sannan ma'anarta ta iso mini: shin kawuna zai ci jarabawar rubutu a karon farko? A ƙasa an jera abin da aka ba na'urorin su auna. Shekaruna. Kurakuran shiftata, mako-mako. Ranar da na fasa aji saboda ciwon baya. A ƙarƙashi kuma ga abin da suka saya a gwajin. Kusan dukansu "a'a".

Wani ya yi dariya ya rufe baki da hannu. Ɗan ƙanwata ya sunkuyo, ya yi mini Hausa.

"Kawu, misali ne kawai, babu sunanka a ciki. Ci gaba, kana ƙoƙari."

"Hirarmu ta Lahadi ke nan?"

"To ai ba ƙarya na rubuta ba."

Shugabansu ya ce da sauran in har wannan ya gane, babu na'urar da za ta kasa. Wannan kam ban nemi tafinta ba.

Na mayar da yatsana kan allon. An kira ni in karanta shafi, na karanta shi har ƙasa. Layin ƙarshe ya ce za a rufe tambayar in an samu hoton takardar sakamako. Matar ta ce a nan ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Suka ba ni abincin rana, ɗan ƙanwata ya raka ni tasha yana ta danna waya.

Bayan wata biyu na shiga jarabawar. Na ci ɓangaren magana, na faɗi a rubutu. Katin bai samu ba a wannan shekarar.

Ran Lahadi ya kira. Ya gajarta gaisuwa, ya ce ya ji labari wurin uwarsa, Allah ya sa haka ya fi alheri, in ɗauko masa hoton takardar sakamakon don aikinsu ya tsaya a kanta. Na ce takardar tana hannuna, kuma a nan za ta zauna. Ya ce, "Kawu, kada ka mai da abin babba." Na tambaye shi lafiyar iyalinsa, na ajiye wayar.

Ya sake kira sau biyu, ban ɗauka ba, daga nan ya daina. Uwarsa ta yi fushi da ni, wai na wulaƙanta mata ɗa a kan ƴar takarda. Litinin na koma aji na sake rubuta sunana don jarabawa ta gaba, ban gaya wa kowa a dangi ba.